Wajen koyon zane da ake sayar da giya a Houston: abin da na gani da idona

Jama'a tunda tambaya ta yi yawa kan wajen koyon zanen da nake zuwa, yadda yake da ko wanda ba ya shan giya zai iya zuwa, bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Wajen koyon zanen nan na yammacin Houston da 'yan ofis ɗinmu suka maida wajen haɗuwa, irin wanda su Amurkawa ke ce wa paint and sip, ana zane ana kurɓar abin sha, ni dai tauraro huɗu cikin biyar na ba shi, kuma gaskiya ba zanen kaɗai ya sa ba, yadda suka ɗauki maganar giya da lasisinta da muhimmanci shi ya fi burge ni. Na san wani zai ce ke da ba kya sha me ya haɗa ki da lasisin giya, to wallahi ya haɗa ni sosai, don ni ce nake zaune a gefen masu shan, kuma hanya ɗaya za mu bi da su in an tashi.

Tsarin dai mai sauƙi ne. Za ka shiga shafinsu na intanet ka ga kalandar wata, kowace rana da hoton zanen da za a koyar, ka zaɓi wanda ya kwanta maka ka biya, ajin awa biyu wajen dala 40 ne, na awa uku ya ɗan fi haka. In ka zo ka tarar an jera komai a kan dogayen tebura, allon kyalle mai inci 16 da 20 a jingine, burushi babba da matsakaici da ɗan siriri, faranti na takarda da aka ɗiɗɗiga fenti kala-kala a kai, kofin ruwa na wanke burushi, da rigar da za ka ɗaura kada kayanka su ɓaci. Fentin akirilik ne, mai saurin bushewa, shi ya sa ake iya gama zane a zama ɗaya a tafi da shi gida, in ma bai bushe ba akwai diraya irin ta gashi a kusurwa. Amma ku kula, in ya taɓa kaya ya bushe to sai haƙuri, kada ki saka mayafinki mai tsada ki je.

Sana'ar ba ta jima ba sosai. Kamfanin Painting with a Twist wasu mata biyu ne, Cathy Deano da Renee Maloney, suka fara shi a 2007 a garin Mandeville na jihar Luwiziyana, bayan guguwar Katrina ta 2005 ta ɗaiɗaita yankin mutane na neman abin da zai ɗebe musu kewa. Pinot's Palette a nan Houston aka kafa shi a 2009, shi kuma Paint Nite a Boston a 2012, su Paint Nite nasu salon daban ne, ba sa buɗe shago, malamin zane ne ke ɗaukar kayansa ya je mashaya ko gidan abincin da dama suna da lasisinsu. Wanda nake magana a kai ba na ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, ƙaramin waje ne na wata mata da mijinta.

Malamar da ke koyarwa ta iya aikinta, wannan ba sai an faɗa ba. Tana tsaye a kan ɗan dandamali da makirufo a kunne, ta ce ku ɗauki babban burushi ku jiƙa shi kaɗan, ku fara da sararin sama daga sama zuwa ƙasa, shuɗi ku dinga ƙara fari kuna saukowa, sai ta sauko ta bi tebur-tebur tana dubawa. Abin da na fi so shi ne ba ta karɓe maka burushi ta yi maka, sai dai ta nuna a gefen farantinka ta ce gwada haka. Wata dattijuwa a kusa da ni hannunta na rawa, malamar ta tsaya a kanta har ta fitar da bishiyarta, ba ta nuna gajiya ba ko kaɗan. Mutumin da bai taɓa riƙe burushi ba zai fita da abin da zai iya ratayewa a falo, ba wai za ka zama gwani ba a awa biyu, amma za ka gane yadda ake haɗa kala da dalilin da ya sa ake fara zana abin da ke nesa kafin na kusa.

To yanzu ga inda nake son in daɗe. Kuɗin tikiti daban, kuɗin abin sha daban. Dala 40 ɗina na kyalle ne da fenti da malama, ko digon giya ba ya ciki, mai son sha ya tashi ya je kanta ya biya nasa a ba shi nasa rasit. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajena, don akwai wuraren da za ka ga sun rubuta wai duk tikiti da kofin giyar inabi kyauta, wato ko kana sha ko ba ka sha kuɗinka ya shiga cinikin. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, a Texas wannan "kyautar" ba kyauta ba ce a idon doka. Hukumar kula da giya ta jihar, TABC, ta fayyace cewa ana iya ba da giya kyauta ba tare da lasisi ba amma sai in kyauta ce ta gaskiya, wato duk baligin da shekarunsa suka kai ya shigo ya nema a ba shi ko bai sayi komai ba. In sai wanda ya biya kuɗin aji ake ba wa, to sayarwa ce aka yi, an dai lulluɓe kuɗin cikin tikiti, kuma sayarwa ba lasisi laifi ne. Don haka duk wajen da ba shi da lasisi yake tallan kofi kyauta ga mai tikiti, ko dai bai san doka ba ko kuma ya sani ya kau da kai, kuma duka biyun ba abin da zai kwantar min da hankali ba ne.

Su wajen da nake magana a kai lasisinsu na nan a manne a bango bayan kanta cikin firem, da lamba da ranar ƙarewa, kamar yadda doka ta ce a sa shi inda kowa zai gani. Irin na giyar inabi da biya (beer) ne kawai, ba wuski ba sauran masu ƙarfin nan, su wannan wani lasisin ne daban mai tsada da sharuɗɗa. Ana iya shiga shafin TABC a saka sunan waje ko adireshinsa a ga ko lasisin na aiki ko an taɓa kama su da laifi, na duba nasu lafiya lau. Sai dai ku sani duk abin da nake faɗa na Texas ne, don a Amurka ba doka ɗaya ba ce ga kowa. Tun da aka ɗage haramcin giya na ƙasa baki ɗaya, wanda ya fara a 1920 aka soke shi a 1933 da gyaran tsarin mulki na 21, aka bar wa kowace jiha ta tsara nata, shi ya sa abin da ya halatta a nan kana tsallakawa wata jihar sai ka ji wani zance daban. Ita kanta hukumar ta Texas a 1935 aka kafa ta, sai a 1970 ta koma sunan da take da shi yanzu. Har a cikin jihar ma, da ƙananan yankunanta 254, mutanen gari na iya kaɗa ƙuri'a su ce ba a sayar da giya a wajensu ko su ce biya da giyar inabi kawai.

Katin shaida kuwa ba wasa. Shekarar shan giya 21 ce, tun dokar tarayya ta 1984 da ta ce duk jihar da ba ta kai shekarun 21 ba za a rage mata kuɗin gina manyan hanyoyi, kuma a Texas wanda ya sayar wa ɗan ƙasa da haka yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 4,000 ko ɗaurin da ya kai shekara guda ko duka biyun, ga lasisin wajen a cikin haɗari. A gabana wata budurwa cikin 'yan bikin zagayowar haihuwa ta je kanta ta ce ta bar lasin tuƙinta a mota, ƙawayenta suna ta cewa ai ta wuce 21, matar kantar ta yi murmushi ta ce je ki ɗauko ina jiranki. Ba faɗa ba wulaƙanci, amma ba ta zuba ba sai da ta gani.

Ita matar kantar ce ma ta sa na ƙara yarda da wajen. Ba malamar zane ce ke zuba abin sha ba, mutum guda aka ajiye aikinta kenan, idonta na kan ɗakin gaba ɗaya, ta san wa ya zo sau nawa. Ta gaya min duk ma'aikatansu sai sun yi kwas ɗin masu sayar da giya da TABC ta amince da shi, satifiket ɗin shekara biyu yake yi a sabunta, a nan ake koya musu gane katin bogi da gane alamun wanda ya fara buguwa da yadda za a hana shi ba tare da rigima ba. Akwai wani mutum a teburin baya da muryarsa ta fara tashi yana dariya ba dalili har ya zubar da ruwan burushin maƙwabciyarsa, da ya dawo kanta sai ta miƙa masa gorar ruwa ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ban ji me ta ce ba amma na ga ya koma ya zauna, da aka tashi kuma matarsa ce ta karɓi makullin mota. Sayar wa wanda ya riga ya bugu laifi ne a nan, kuma tun 1987 Texas na da dokar da ta ba da damar a kai wajen ƙara in suka ci gaba da zuba wa wanda buguwarsa ta fito fili har ya je ya yi ɓarna. Wato lasisin nan yana nufin akwai wanda zai amsa tambaya, akwai wanda yake da abin asara in aka yi sakaci, shi ya sa suke sa ido.

Ku tuna Houston ce fa. Garin nan kusan kowa da motarsa yake zuwa ko'ina, ƙarfe tara na dare mutum talatin za su fito lokaci guda su hau manyan tituna irin su I-10 ko Beltway 8, da masu sha da mu da ba ma sha, da masu yara a kujerar baya da ba su san ma an yi wani ajin zane ba. Iyakar barasa da doka ta sa wa direba kashi 0.08 cikin ɗari ce a jini, kuma mace mai ƙaramin jiki da ba ta ci abinci ba ba ta buƙatar kofi da yawa ta kai nan. In akwai mai ƙirgawa a kanta, to ni ma ya kare ni.

Na taɓa zuwa wani wajen daban da wata abokiyar aiki ta gayyace ni, shi ba shi da lasisi, tsarin da suke kira BYOB yake yi, kowa ya zo da kwalbarsa. Ba zan kama suna ba, shi ma ƙaramin shago ne ba reshen wani kamfani ba. Ba haramun ba ne a dokar Texas, jihar ba ta da wata doka ta gaba ɗaya da ta hana hakan, sai dai wajen da ke da lasisin barasa mai ƙarfi ba a shiga masa da ta waje, wasu biranen kuma suna da nasu ƙa'idojin. Amma abin da na gani bai min daɗi ba sam. Mutane na shigowa da kula cike da ƙanƙara, kwalabe a kan tebur a tsakanin fenti, ba wanda ya tambayi katin kowa, malama ita kaɗai ce ma'aikaciya a ɗakin, tana koyarwa tana ɗauko mabuɗin kwalba tana goge abin da aka zubar, ina za ta samu idon lura da wanda ya sha rabin kwalba shi kaɗai? Kafin a kai rabin zanen teburin gefenmu sun daina saurare, mu da muka zo koyo sai da muka dinga ɗaga hannu a maimaita mana. Na ji tausayin yarinyar wallahi, an ɗora mata nauyin da ba nata ba kuma ba ta da ikon cewa kowa ya isa haka tunda ba ita ta sayar ba. Mutane na ganin wannan tsarin ya fi arha, eh ya fi arha ga mai sha, amma sauran mu ne muke biyan bambancin.

Ban ce duk masu irin wannan tsarin mugaye ba ne, don da na zauna da matar da ke da wajen da nake yabo ta ba ni labarin wahalar da suka sha kafin lasisin ya fito na gane dalilin da ya sa ƙananan masu sana'a ke gudu. Sai an manna sanarwa a jikin shago kwana 60 in wajen bai riƙe irin lasisin ba a shekaru biyun da suka wuce, don maƙwabta su gani in suna da ƙorafi, sai an samu sa hannun birni da na yanki, sai an auna nisa don birni na da ikon hana sayar da giya cikin ƙafa 300 daga makaranta ko coci ko asibitin gwamnati, duk wannan kuma kuɗin haya na tafiya. Bayan an samu ma ba za ka je babban kanti ka sayo katan ka zo ka sayar ba, dole daga dillali mai lasisi za ka saya ka ajiye takardu, ga inshora, ga albashin mai tsaron kanta, ga sabuntawa duk shekara biyu. Ta ce abin da suke samu a kanta bai taka kara ya karya ba in aka cire waɗannan, abin da ya sa suka dage shi ne suna so su zama su ke da iko da ɗakinsu. Ni a ganina ya kamata hukuma ta duba irin waɗannan wuraren, ajin zane na awa biyu ba mashaya ba ce da ake kwana ana sha, a yi musu lasisi mai sauƙin samu da sauƙin kuɗi amma da sharaɗin duba kati da horar da ma'aikata da iyakance yawan kofi, da yawa da ke fakewa da kowa ya zo da tasa za su shigo cikin tsari.

Tauraro ɗayan da na cire kuwa ga dalilinsa. Wanda ba ya shan giya kamar an manta da shi a kanta, jerin giyar inabi ya cika allo guda, mu kuwa ruwan gora da lemon gwangwani kala biyu zuwa uku, ba shayi ba kofi ba ko ɗan lemon da aka haɗa da hannu, alhali a kowane aji na ga mata masu ciki da direbobi da irina, ba mu da kaɗan. Sannan bangon cike yake da rubuce-rubucen barkwanci masu zuga mutum ya ƙara sha, har malama ma takan jefa irin wannan wasan in wani ya ce zanensa ya lalace, wannan ya saɓa da duk ƙoƙarin da matar kanta ke yi, kuma akwai mutanen da suke fama su daina sha da irin wannan maganar ke musu nauyi. Kofin wanke burushi da kofin lemo duk roba ce iri ɗaya, ya kamata su canza wa ɗaya kala. Daren Juma'a da Asabar kiɗa na da ƙarfi har ba ka jin malama in kana baya, fakin ma wahala saboda gidan abincin da ke gefensu. Na faɗa wa mai wajen maganar abin sha, ta rubuta a littafi ta ce za su duba.

Sai maganar da na san ita ce a ran yawancin 'yan uwa da suka tambaye ni. Lasisi ba ya halatta giya, takardar gwamnati ce ta tsari, kuma zama a inda ake shan ta magana ce da malamai suka yi gargaɗi a kai, ba zan zo nan in sassauta wa kowa ba, ni ma dalilin aiki ne ya fara kai ni kuma ajin dare bai zame min wajen zuwa ba. Abin da zan iya cewa shi ne akwai hanya. Suna da ajin iyali da rana a ƙarshen mako, da yara da iyaye, kanta a rufe take ruf a lokacin, kuma shi ne na fi jin daɗinsa don ɗakin shiru ne malama na da lokacin kowa. Sannan ana iya kama ɗakin gaba ɗaya in kun kai adadin da suke nema, ku ce a rufe kanta, ku zo da abin taɓawarku da lemonku, na tambaya ta ce ba ƙarin kuɗi kuma sun saba yi wa ƙungiyoyin coci da makarantu haka. A nan ma lasisin ya yi amfani, tunda su ke da kantar su ke rufe ta, ba wanda zai shigo da kwalba a jaka. Ga mai gudun zana abu mai rai kuma, yawancin zanukan kalandar faɗuwar rana ne da teku da duwatsu da furanni, in kun kama ɗaki ku ne ma za ku zaɓi abin da za a zana.

In za ku je, ko nan ko wani wajen irinsa a duk jihar da kuke, ku buga waya tukuna ku tambaya ko su ke sayar da abin sha ko kowa ke zuwa da nasa, ko akwai giya a cikin kuɗin tikiti, da kuma wane aji ne kanta ke rufe. Ajin iyalin yana saurin cika musamman lokacin hutun makaranta, gara ku kama waje da wuri, ku je minti goma sha biyar kafin lokaci don ku samu teburin gaba kusa da malama, kuma ku ajiye ɗan tukuicinta daban don ba ya cikin kuɗin tikiti.